Kwakwar Mesan a Tsakiyar Mashaya

Katanga ɗaya ce tsakanina da Dada Ayoko a nan Gran-Popo, katangar ma ba ta kai ƙirjina ba, saboda haka babu abin da ya shiga gidanta ko ya fita ban gani ba. Masu cewa Amele ta cika sa ido su je su yi ta faɗa, ni dai ban taɓa ɗora kujera na leƙa ba.

'Yar masunta ce gaba da baya, amma ban taɓa ganin mai tsoron teku irinta ba. A kan tudun rairayin nan da ke tsakanin kogin Mono da teku aka haife ta, a wata unguwa da yanzu babu ita, ruwa ya cinye. Tana yarinya ta ga ɗakin girkin uwarta ya tafi da tukwanensa da safe, ido na ganin ido. Tun daga ranar ba ta ƙara sa ƙafa a ruwan gishiri ba. Ko kifi za ta saya in jirage sun dawo, can nesa take tsayawa ta miƙo kwando, mu da muke shiga har gwiwa muna yi mata tsiya.

Duk da haka masunci ta aura, don a garin nan in ba masunci ba sai wa? Akakpo sunansa, mutum mai sanyin hali. Ta haifa masa maza biyu, babu wanda ya kai yaye. Na ukun aka sa masa Mesan, kamar yadda muke kiran ɗa namiji na uku. Da cibiyarsa ta faɗi, gwaggonsa ta naɗe ta a ganye, ta haƙa rami a lambun bayan gida tsakanin rijiya da kunyoyin albasa, ta binne, ta ɗora kwakwa mai tsiro a kai ta rufe. Haka ake yi wa 'ya'ya a nan. Itacen ya zama na yaron, ransu ɗaya: in itace ya yi kyau mai shi yana lafiya, in ya yi yaushi a je a duba mai shi. Yawancinmu yi muke mu manta. Ni kaina in ka ce in nuna maka ta babbar 'yata cikin kwakwannin gidanmu, ƙarya zan yi maka. Dada Ayoko ba ta manta ba. Kullum da safe kafin ta gaida kowa sai ta fita lambu ta ɗaga kai ta duba ganyen, sannan ta wanke fuska.

Ta yi rantsuwa ɗanta ba zai taɓa shiga jirgi ba. Ta kai shi koyon ɗinki, ta saya masa keke da guminta na bandar kifi. Yaro ya zauna yana taka keke, idonsa yana bakin ruwa. Da ya zama saurayi sai aka wayi gari ya bi ayarin Fo Loko, mai manyan jiragen nan da ke kwasar samarinmu zuwa su a Kongo, a yi shekaru ba a dawo ba. Kuka kam ta yi shi. Bayan nan ciwon ƙirji ya ɗauke Akakpo, ya rage daga ita sai lambu sai kwakwa, wadda a lokacin ta wuce rufin gida da nisa.

Hayaƙin banda kuma ya ci idonta. A asibiti aka ce ta bar murhu ko ta makance. Ranar Kirsimeti Mesan ya kira, kuma tunda ita wayarta a buɗe take sa ta kamar rediyo, ina tsinkar lalo a gindin katanga na ji komai.

"Dada, ki bar kifin nan haka. Ki buɗe mashaya a lambu. Gidanmu yana bakin hanya, 'yan acaɓa suna wucewa, ga baƙi masu zuwa shan iska."

"Ni da ko ɗanɗana barasa ban taɓa yi ba?"

"To ai shi ya sa za ki ci riba! Zan aiko a sayi siminti. In mun dawo bikin gari bayan Ista, ni zan sha kwalbar farko, kada ki ba kowa. Tanti Amele, na san kina ji, ke ce shaida!"

Na ce, "Ubanka ne ke ji, ɗan banza!" Muka yi dariya mu duka uku.

Bayan sabuwar shekara aka kira Fo Tosa magini, mutum mai hannu mai kyau da baki maras birki. Ya shiga lambu ya karya reshe, ya dinga zana wa Dada Ayoko fasalin wurin a kan rairayi. Nan kantar sayar da giya, ta juya wa iskar teku baya kada gishiri ya ci firij. Nan benci, nan murhun gasa kifi, can ƙurya makewayi, don masu shan giya ba sa riƙe mara. Albasa za ta koma bayan rijiya. Sannan ya dafa kwakwar ya ce:

"Wannan kuma gobe a kawo gatari. In 'ya'yanta suka faɗo wa wani a ka, ba za a san giya ce ta kayar da shi ko ita ba."

Dada Ayoko ta zauna a bakin rijiya tana kallon hannunsa a jikin itacen. Na leƙo ta katanga na ce, "Kai Tosa, cire hannunka! Ta Mesan ce." Nan take ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi, ya cire hula, ya ba ta haƙuri. Ya share zanen da ƙafa ya sake sabo: za a gina rumfar ta kewaye itacen, a huda kwanon rufi ya fita ta sama, a bar masa ƙasarsa a buɗe faɗin tabarma biyu, a riƙa sauke 'ya'yan kafin su ƙosa.

Da an tsaya a nan da an huta. Amma da aka kafa ginshiƙai, masu wucewa suka fara tsayawa kallo, sai tsoro ya shigo mata ta wata ƙofar. Wannan lambu da babu mai shigarsa sai ita, yanzu kowane kare da doki zai shigo ya zauna. Ta same ni ina wanke-wanke ta ce:

"Amele, in wani ya zo da mugun nufi fa? Ya sayi kwalba ɗaya, ya zauna a gindinta, ya sunkuya kamar yana gyara takalmi, ya ɗebi ƙasar wurin ya kai wa boka? Ko ya binne wani abu? Ina can ina ba da canji, idona ma ba gani yake sosai ba."

Na ce, "Wa zai yi wa Mesan haka? Me ya tare wa wani?"

"Wa ya yi wa yayyensa biyu?"

 Gaskiya ba zan ce ba a yi ba, mun sha ji, kowa a garin nan ya san abin da ake iya yi da ƙasar cibiyar mutum. Washegari ta ce wa Fo Tosa ya zuba siminti har jikin itacen, kada ya bar ko wurin da allura za ta shiga, ya kuma gina dakali ya kewaye gindin. Ya ce mata, "Dada, itace ma numfashi yake yi. Na riga na sare masa saiwoyi wurin haƙa ginshiƙai, ga rani, in na rufe ƙasar ina zai sha ruwa?" Ta ce kwakwa ai a rairayi take rayuwa, saiwarta tana can ƙasa. Suka yi ta ja. Daga ƙarshe ya ɗaga kafaɗa ya ce mai gida ita ke da gida. A tsakiyar watan Fabrairu aka yi daɓen, sumul, har ya goge shi da jan kala.

Mashaya ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Kanta shuɗiya, benci na katako, labulen gora ta gefen hanya. Aka fara zuwa: 'yan acaɓa da rana, masunta da la'asar, malaman makaranta ranar Asabar. Tana gasa kifi da barkono, tana auna ogogoro da ɗan ƙaramin kofi tana kawar da hanci. Kwalba ɗaya ta giya ta ajiye a can saman kantar, ta ɗaura mata jan ƙyalle a wuya. Duk wanda ya miƙa hannu sai ta ce ta mai gida ce.

Mesan dai tun kiran Kirsimeti bai sake kira ba. Da farko ba mu damu ba, don sun saba yin makonni a ruwa, wayarsu ma yau a hannun wannan gobe a hannun wancan. Sai ganyen ƙasa na kwakwar ya fara ja.

Ni na fara gani daga tsakar gidana. Ita ma ta gani. Muka yi kwanaki muna gaisawa ta katanga kowa yana kallon ƙasa. Sannan ƙananan 'ya'yan, waɗanda ba su fi ƙwan kaza ba, suka fara zubowa. Da tsakar rana ana cikin hira sai ka ji ƙwam a kan kwano. Masu sha su yi dariya su ce ga Mesan yana ƙwanƙwasa ƙofa. Ranar farko ta yi yaƙe. Rana ta biyu tire ya suɓuce mata, kofuna suka tarwatse. Daga nan duk wanda ya ga fuskarta bai ƙara wannan wasan ba.

Ta kira lambarsa, a kashe. Ta kira ta Fo Loko, tana shiga ba a ɗauka. Ta je gidan matar Fo Loko, aka ce ta tafi Kwatano wurin 'yarta. Ta bi gidajen da suke da 'ya'ya a ayarin, kowa ya ce nasa ya kira kwanan baya, lafiya lau, amma ba a yi zancen Mesan ba, kuma mai maganar sai ya tuna yana da tukunya a wuta. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Mutanen garin nan ba sa barin baƙo ya tashi da wuri sai da dalili.

Ta rame, wuya ya fito. Ta daina cin abinci sai koko. Ta kunna kyandir a coci, ta kuma kai wa mai duba kaza, don a nan ba ma raina ko ɗaya. Mai duba ya watsa 'ya'yan dubansa ya ce akwai abin da aka rufe wa baki. Ta dawo tana tafiya kamar mai zazzaɓi. Kowace safiya ina jin buɗe ƙofarta, ina jin takunta zuwa lambu. Ni ma da ba ɗana ba sai da na koma fitowa dubawa in iska ta kaɗa ganyen nan.

"Amele," ta ce mini wata safiya, "in na fasa daɓen, na buɗe shi ga maƙiya. In na bari, ni ce nake shaƙe shi. Wanne zan yi?"

Raina ya ɓaci, na ce, "Maƙiyan da ba ki gani ba kike tsoro, ga abu yana mutuwa a gaban idonki? Ki fasa, ni zan zauna gadin ƙasar, in ga shegen da zai sunkuya!"

Ba ta fasa a ranar ba. Sai da wata Asabar da hantsi, wuri cike da mutane, wani babban reshe ya ɓalle ya faɗo a kan rufi da ƙarar da ta sa kowa ya watse. Ya zamo ya sauka a gaban kantar, busasshe ƙayau. Dada Ayoko ta tsaya tana kallonsa. Sai ta shiga ɗakin girki ta fito da taɓarya, ta hau dukan dakalin tana kiran sunan ɗanta. Taɓarya me za ta yi wa siminti? Sai tsalle take tana dawowa, tafin hannunta ya fashe. Fo Tosa yana cikin masu sha a ranar. Bai ce ai na gaya miki ba, wannan kam na yaba masa. Ya tafi gida da gudu ya ɗauko diga, 'yan acaɓa suka karɓa suna yi bi da bi, kafin azahar an ɓare jan daɓen nan faɗin tabarma uku. Ƙasar da ke ƙarƙashi ta bushe ta yi zafi kamar tokar murhu.

Muka shiga ɗauko ruwa daga rijiya. Ta zuba taki, ta zuba gishiri kamar yadda masu gonar kwakwa ke yi, ta binne kawunan kifi. Ta jawo tabarmarta ta dawo gindin itacen da zama, daga nan take sallamar masu saye. In za ta kewaya sai ta ƙwala mini kira in zo in tsaya. Na tsaya ɗin kuwa, ina harare-harare, har wani malamin makaranta ya daina zuwa don na hana shi ɗaure igiyar takalminsa.

Ruwan farko ya sauka kafin Ista. Zubar 'ya'yan ta tsaya. Bayan wasu makonni ina shara sai na ji ihu, na yar da tsintsiya na ce shi ke nan. Na same ta a tsakiyar lambu tana nuna sama da hannu biyu.

"Amele, idona ba kyau, duba mini! Kore ne ko ba kore ba?"

Kore ne. Wani sabon tofo ya miƙe daga tsakiyar kan itacen, tsaye kamar mashi. Ta rungume ni, ta yi rawa a cikin taɓo, mace mai furfura. Ranar kowa ya ci kifi kyauta. Ta sa aka yi wa kantar sabon fenti, ta wanke zanen gadon Mesan, ta sauko da kwalbar nan ta goge mata ƙura ta mayar. Ni ma na saki jiki, Allah ya sani. Na ce ai ga shi itace ya faɗi gaskiya, waya ce kawai ta lalace.

Bikin gari ya zo, 'yan ci-rani suka cika gari, daga Gabon, daga Kongo, daga Abijan. Tun da safe ta ci ado ta zauna a bakin mashaya tana kallon hanya. Da hantsi na hango mutum uku suna tahowa a hankali: Fo Loko a tsakiya da hularsa a hannu, dattawa biyu na dangin Akakpo a gefensa. Babu mai tahowa a bayansu. Ɗaya daga cikin dattawan yana riƙe da wata jakar baya da na sani, don a kan keken ɗinkin nan aka ɗinka ta.

Na tsallaka katanga, abin da ban taɓa yi ba tun ina amarya.

Suka zauna, aka ba su ruwa, suka zuba kaɗan a ƙasa suka sha. Fo Loko ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗa. Igiyar ruwa ta kife ƙaramin jirginsu suna dab da shigowa gaɓa, an tsamo mutum biyar, ba a ga Mesan ba. Sun nema har sun gaji. Ya ce irin wannan labari ba a faɗa wa uwa ta waya, shi ya sa ya hana yaransa magana har sai ya zo da ƙafarsa. Na buɗe baki zan wanke shi tas, watanni mace tana cin wuta shi yana can yana kiyaye al'ada, sai Dada Ayoko ta dafa gwiwata.

"Fo Loko, abu ɗaya zan tambaye ka, kada ka tausaya mini. Yaushe ne?"

"Makon sabuwar shekara, Dada. Ko kayan Kirsimeti bai cire daga igiya ba."

Ta juya ta dubi Fo Tosa, wanda ya shigo ya raɓe a jikin ginshiƙi. Ya ce, "Dada, a lokacin ko bulo ɗaya ban ajiye a gidan nan ba."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Ashe ba ni ce na shaƙe shi ba." Sai a nan hawayen suka zo, ba ihu, ba faɗuwa.

Dattawan suka jira ta lafa, sannan babban ya yi gyaran murya. Ya ce ta san ƙa'ida: wanda ruwa ya ci ba a kawo shi cikin gida, ga shi ma babu gawa, babu gashi ko farcen da za a binne. Za a ɗebi rairayin bakin teku a naɗe a farin ƙyalle a yi abin da ya kamata a can bakin ruwa, shi ke nan.

"Ku je ku yi naku a bakin ruwa," in ji ta. "Ni ba zan je ba, kun san ba na zuwa. Teku ta ɗauki abin da ta samu. Amma akwai wanda ba ta samu ba, yana cikin gidan nan tun yana jariri, gwaggonsa ce ta sa shi da hannunta."

Ta tashi ta zagaya bayan kantar, ta miƙa hannu ta sauko da kwalbar mai jan ƙyalle. Mabuɗi ya ƙi kama mata, na karɓa na buɗe mata. Ta durƙusa a bakin ƙasar da muka ɓare, ta tsiyaye giyar a gindin kwakwar har ɗigon ƙarshe.

"Ga ta nan, Mesan. Ban ba kowa ba. Tanti Amele ce shaida."

Mashayar tana nan har yau, ba a sake daɓe wurin ba. Duk wanda ya sayi kwalba yakan ɗiga kaɗan a gindin itacen kafin ya kai baki, baƙi ma suna yi don sun ga ana yi. Ta daina gadin ƙasar, ta ce yanzu babu abin da wani zai iya yi masa. Amma har gobe, da safe kafin ta gaida ni, ina jin buɗe ƙofarta da takunta zuwa lambu, kuma tunda idon ya ƙarasa tafiya, sai ta kira ni ta katanga in duba mata ko ganyen kore ne.